Kalmar Turanci ta "booze": daga ina ta fito, kuma wane nauyi take da shi?

Hadiza Mai Fassara

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malamai da masu nazarin harshe a kan wata kalmar Turanci da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Ina fassara wani rubutu ne na wayar da kai game da illar barasa ga hanta, wanda aka ɗauko daga wata jaridar Birtaniya, sai na lura cewa duk inda marubucin yake kawo bayanin likitoci kalmar "alcohol" yake amfani da ita, amma a kanun labarin, da kuma wuraren da ya kawo maganar mutanen da suka daina sha da bakinsu, kalmar "booze" ce take fitowa. Ƙamus ɗin da ke hannuna cewa ya yi barasa ce a maganar yau da kullum, bai ƙara komai ba. Wannan bai gamsar da ni ba, domin da a ce nauyin kalmomin biyu ɗaya ne, da marubucin bai riƙa ware wa kowacce muhallinta haka ba.

Da na tambayi abokan aikina, sai na samu amsa biyu masu karo da juna. Ɗaya ya ce sunan wani ɗan kasuwar Amurka ne da ake kira Booz, wanda ya riƙa buga sunansa a jikin kwalaben da yake sayarwa, har mutane suka mayar da sunan nasa sunan barasa gaba ɗaya. Ɗayan kuma ya dage cewa daga Larabci Turawa suka ari kalmar, wato daga "buza", kuma ya ce kamannin furucin kaɗai ya isa hujja. Ni dai ba na son in kafa fassarata a kan ji-ta-ji-ta, musamman a rubutun da ya shafi lafiyar mutane. Shi ya sa nake roƙon wanda ya san tarihin kalmar ya bayyana mini inda ta fito, da irin nauyin da take da shi a kunnen Bature, da kuma kalmar da ta fi dacewa da ita a Hausa.

Malam Isiyaku

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Na yi shekaru ina koyar da Turanci kafin in yi ritaya, kuma labarin Booz ɗin nan na sha cin karo da shi, har a rubuce-rubucen Turawan kansu. Mutumin dai an yi shi. Dillalin barasa ne a birnin Filadelfiya mai suna Edmund G. Booz, wanda a shekarun 1860 ya riƙa sayar da wuski a cikin kwalabe masu siffar bukkar katako, da sunansa a jiki, da kuma shekarar 1840, shekarar da William Henry Harrison ya ci zaɓen shugabancin Amurka da bukkar katako a matsayin alamar yaƙin neman zaɓensa. Kwalaben suna nan har yau a hannun masu tara kayan tarihi. Abin da ya rushe labarin shi ne lissafin shekaru, domin kalmar ta riga waɗannan kwalabe da shekaru fiye da 500.

Wuri mafi daɗewa da masu ƙamus suka saba kawowa wata waƙar zambo ce da aka rubuta a ƙasar Ailan a farkon ƙarni na 14, wajen 1325 zuwa 1330, cikin Turancin wancan zamani. Mawaƙin yana bin rukunonin mutanen gari ɗaya bayan ɗaya yana yi musu zambo, da ya iso kan 'yan zuhudu sai ya ce sun iya "bouse" da zurfi, wato sun ƙware wajen kwankwaɗar giya. Ki lura da kyau cewa tun a wannan wuri na farko kalmar ba ta nufin sha na kashe ƙishirwa, shan wuce kima take nufi, kuma da zargi aka faɗe ta. Masana sun fi tsayawa a kan cewa daga tsohon harshen Holan aka aro ta, inda ake da aikatau "busen", shan da ya wuce iyaka, da kuma suna "buse", mazubin da ake sha da shi. Hanyar aron a fili take. A wancan zamani Ingila tana sayar da ulu ga masaƙan Filandas, yankin da ke maƙwabtaka da Holan, tsawon ƙarnoni, jiragen ruwa suna kai-komo, ma'aikatan jirgi suna zama a mashaya ɗaya, kuma daga wannan yanki ne irin giyar da ake sa wa wani tsiro mai ɗaci da ake kira "hops" ta shigo Ingila wajen shekarar 1400. Daga baya ma kalmar "brandy" ta biyo wannan hanya, daga wata kalmar Holan mai ma'anar ruwan inabin da aka ƙona.

Sai dai kalmar ba ta yi ƙarfi sosai ba sai a ƙarni na 16, kuma inda ta yi ƙarfin shi ne abin da ya fi amsa tambayarki ta biyu. Wajen shekarar 1566 wani mai gonaki a gundumar Kent, Thomas Harman, ya buga ɗan littafi yana gargaɗin jama'a game da mabarata da 'yan yawon banza da ɓarayin da suka cika hanyoyin Ingila a lokacin. Ya ce da kansa ya riƙa tattaunawa da waɗanda suke zuwa bara ƙofar gidansa, har ya tattara zaurancen da suke yi don kada sauran mutane su gane su. A cikin jerin nasa akwai "bowse" da ma'anar abin sha, akwai "bowsing ken" da ma'anar gidan giya, akwai "bene bowse" wato abin sha mai kyau, akwai kuma "Rome bowse" wato ruwan inabi. Marubutan da suka zo bayansa sun yi ta kwafar wannan jeri, har kalmar ta zauna a zukatan masu karatu a matsayin maganar 'yan tasha. Ko da babban mawaƙi irin Edmund Spenser ya yi amfani da ita a 1590, a hannun Haɗama ya sa ta, inda ya siffanta haɗama da mutum mai tumbi riƙe da gwangwanin kwankwaɗa. Samuel Johnson ya sa "bouse" a ƙamus ɗinsa na 1755, ya kuma jingina ta ga harshen Holan, sa'an nan Francis Grose ya sa ta a ƙamus ɗinsa na kalmomin gama-gari a 1785. A ganina wannan zaman da ta yi a bakin mabarata da ɓarayi shi ne tabon da har yau bai sake ta ba: tsohuwar kalma ce ƙwarai, amma tsufan bai ba ta girma ba.

Hujjar da na fi so a nuna wa abokin aikinki ita ce ta Benjamin Franklin, mai buga jarida wanda daga baya ya zama cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka. A watan Janairu na 1737 ya buga a jaridarsa jerin kalmomi fiye da 200 da mashaya suke kiran wanda ya bugu da su, kuma "boozy" tana ciki. A Filadelfiya ake buga jaridar, wato garin Booz ɗin kansa, fiye da shekara 120 kafin kwalabensa. Iyakar abin da zan yarda da shi shi ne cewa dacewar sunansa da sana'arsa ta sa mutane sun riƙe labarin.

Malam Abdulƙadir

Allah ya saka wa Malam Isiyaku da alheri, ya gama da maganar Booz. Amma ina roƙon kada a yi saurin watsi da maganar abokin aikin na biyu, domin "buza" kalma ce ta gaske, kuma tsohuwa. Ibn Battuta ya ambace ta a labarin tafiyarsa ta shekarun 1330 a ƙasar Sarki Uzbak, arewa da Bahar Aswad, inda ya ce an kawo masa wani farin abin sha da ake yi da wani nau'in gero, ya ɗanɗana ya ji tsami ya bar shi, da ya tambaya aka ce masa sunansa buza. A Turkiyya da ƙasashen Balkan har yau ana shan "boza", mai kauri da ɗan tsami, a Masar kuma an daɗe da sanin buza a matsayin giyar talakawa da ake yi da sha'ir ko alkama, kuma Baturen nan Edward Lane ya ambace ta a littafinsa na 1836 kan al'adun Misirawa. Gaskiya ne cewa su Larabawan ma ana ganin daga Turkawa ko Farisawa suka karɓe ta, amma wannan bai hana ta ƙarasa Turai ta hannunsu ba.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta cancanci a duba ta shi ne cewa Turanci cike yake da kalmomin da suka biyo ta Larabci, irin na sukari da auduga da lissafin aljabara, har ma ita "alcohol" ɗin da Malama Hadiza ta ambata. Ga furuci ya yi kama, ga ma'ana ta yi kusa, ga kuma hulɗar yaƙi da ta kasuwanci tsakanin Turai da Gabas tun kafin ƙarni na 14. Me zai hana a ce mayaƙa ko fatake ne suka koma da ita gida? Ina tambaya ne don in ƙaru.

Malama Rabi

Malam Abdulƙadir, tambayarka tana kan hanya, kuma duk abin da ka kawo game da buza daidai ne. Inda na rabu da kai shi ne a kan abin da ake ɗauka hujja a wannan fanni. Kamannin furuci da kusancin ma'ana suna buɗe ƙofar bincike ne kawai, domin harsunan duniya suna da dubban kalmomi kuma sautukan da bakin ɗan Adam yake furtawa ƙididdigaggu ne, dole a riƙa samun dacewa nan da can. Abin da ake nema shi ne sawun kalmar a rubuce, daga wannan harshe zuwa wancan, shekara bayan shekara.

Misalin "alcohol" da ka kawo shi ne ya fi nuna bambancin. Asalinta "al-kuhl" ne, wato kwalli. Ta shiga Latin na masu haɗa magunguna da ma'anar gari mai laushi ƙwarai, daga nan ta koma nufin duk wani abu da aka tace har aka fitar da tsantsarsa, a ƙarni na 16 wani likita mai suna Paracelsus ya yi amfani da ita ga tsantsar ruwan inabi, sa'an nan a hankali ta tsaya a kan sinadarin da ke sa maye. Kowane mataki yana da takardar da ke shaidarsa. Ita kuwa buza ba ta da irin wannan sawu zuwa "bouse". Sunan wani abin sha ne guda, na hatsi, alhali kalmar Ingila a wurin da aka fara ganin ta aikatau ce mai bayyana yadda ake sha, kuma ko da ta zama suna ba ta taɓa keɓanta da abin sha ɗaya ba, kamar yadda jerin Harman ya nuna, inda sai an ƙara mata wata kalma kafin ta nufi ruwan inabi. Ga kuma 'yar'uwarta ta jini a tsallaken ruwa, a harshen mutanen da Ingilishi suke ciniki da su kullum, mai siga ɗaya da ma'ana ɗaya. Bugu da ƙari, lokacin da matafiyan Ingila suka fara rubuta labarin daular Usmaniyya da Masar, sun kawo "boza" a matsayin baƙuwar kalma da sai sun yi wa masu karatu bayaninta, a daidai zamanin da "bouse" take yawo a titunan Landan.

Akwai wani abu game da furucin da ya kamata a sani, domin shi ne ya ƙara kamannin da ke ruɗar mutane. Tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci sun sauya gaba ɗaya. Kalmar "house", wato gida, wadda a da ake furta ta kamar "huus", ta koma "haus", haka ma ta ɓera. "Bouse" ta bi wannan sauyi a bakin wasu, har mawaƙa suna haɗa ta amsa-amo da "carouse", amma a bakin wasu ta riƙe tsohon dogon wasalinta na "uu". Wannan furuci na biyu shi ne ya yi rinjaye, kuma a ƙarni na 18 aka daidaita rubutunsa da "oo", kamar yadda ake rubuta kalmar "moon", wato watan da ke sararin sama. Jerin Franklin da Malam Isiyaku ya ambata yana ɗauke da sigogin biyu kusa da juna, "boozy" da "bowz'd", wanda ke nuna cewa a 1737 duka biyun suna raye. Da a ce ɗaya furucin ne ya yi nasara, da yau "bauz" ake cewa, kuma da wuya wani ya tuna da buza.

Za ku kuma ci karo da masu cewa daga farauta da shaho kalmar ta fito, domin a tsofaffin littattafan wannan sana'a ana amfani da "bowse" ga shan ruwan tsuntsun. Kalma ɗaya ce, amma an riga an yi amfani da ita ga mutane kafin a gan ta a waɗannan littattafai.

Aminu

Malamaina sun yi bayanin asali, ni kuma zan taɓa yadda ake amfani da ita yau, tun da na yi wasu shekaru ina zaune a Ingila. Kalmar ba ashar ba ce, ana jin ta a rediyo da talabijin ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, amma likita ba zai rubuta ta a takardar majiyyaci ba, kuma ba za a same ta a cikin doka ba. Jaridu suna son ta a kanun labari saboda gajarta da kuma ƙarfin da take da shi a kunne. Ta kuma haifi 'ya'ya da yawa. "Boozer" yana nufin mashayi, amma a Birtaniya yana kuma nufin gidan giyar unguwa, don haka sai mai fassara ya duba jimlar da kyau. "Booze-up" zaman sha ne da aka shirya don a sha da yawa. "Booze cruise" a Birtaniya ta yi tashe bayan 1993, lokacin da aka sassauta dokokin shigo da kaya tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai, mutane suka riƙa tsallakawa daga Doba zuwa Kale a Faransa don sayo barasa mai rangwamen haraji, alhali a Amurka jirgin ruwan shaƙatawa ake nufi da ita. A Ostireliya kuma "booze bus" motar 'yan sanda ce da ake tsayar da direbobi a gwada numfashinsu.

Abin da na fi so Malama Hadiza ta kula da shi shi ne cewa kalmar tana da fuska biyu. Mashaya suna faɗar ta da sabo da sakin jiki, masu yaƙi da barasa kuma suna faɗar ta da ƙyama. A Amurka, kafin haramcin sayar da barasa da ya yi aiki daga 1920 zuwa 1933, mai wa'azin nan Billy Sunday ya shahara da wani wa'azi da har aka riƙa kiran sa da sunan wannan kalma, kuma ya zaɓe ta ne don ya tuɓe wa barasa rigar mutunci da sunaye irin na ruwan inabi suke sa mata. Idan mutumin da ya daina sha ya ce "booze" ta kusa kashe shi, fuskokin biyu ne suke haɗuwa a bakinsa, domin yana kiran abin da sunan da ya saba kiran sa da shi a mashaya, kuma yana kiran sa da raini. Wannan shi ne abin da marubucin naki yake so mai karatu ya ji. Idan kika fassara duka da "barasa", bayanin likita zai fita daidai, amma muryar waɗannan mutane za ta ɓace.

Hadiza Mai Fassara

Na gode ƙwarai, Malam Isiyaku, Malam Abdulƙadir, Malama Rabi da Malam Aminu, Allah ya ƙara ilimi. Na koma kan rubutun da wannan bayani a hannu. A wuraren bayanin likitoci na bar "barasa", domin ita ce ta fi kama da harshen asibiti. A bakin waɗanda suka daina sha na sa "giya", kuma tun da Malam Isiyaku ya nuna cewa wuce kima yana cikin kalmar tun daga tushenta, sai na ɗora nauyin a kan aikatau, na yi amfani da "ɗirka" da "kwankwaɗa" a inda Turancin ya nuna yawan sha. Akwai jimla ɗaya da wani dattijo ya ce ya shafe shekara ashirin a "boozer", wadda da farko na fassara da cewa ya yi shekara ashirin yana mashayi. Bayanin Malam Aminu ya sa na sake duba ta, na ga wuri ake nufi, na gyara ta zuwa shekara ashirin yana zaman gidan giya.